Allin Tela da Kafaɗar Fanka

Ni tela ce, kuma shekara ashirin da shida ina ɗinki ban taɓa faɗa wa mace gaskiyar ƙugunta ba. In tef ya nuna arba'in da huɗu, sai na rubuta arba'in da huɗu a littafina, na ɗaga kai na ce mata arba'in ne, har ma ta rame. Ta tafi gida tana murna, riga ta zo ta yi mata cif, babu wanda ya cutu. Ban taɓa lissafa wannan cikin ƙarya ba. A wurina wani ɓangare ne na aikin, kamar guga. Na faɗi haka tun farko ne don kada a ce daga baya na ɓoye halina.

Maigidana mai ba da hannu ne a mahaɗar titi huɗu da ke kusa da babbar kasuwa. Shekara ashirin da huɗu yana kan ɗan dakalin nan na tsakiya, da farar safar hannu da usur. Direbobi ne suka sa masa suna Fanka, saboda in ya fara juya hannun dama a saman kansa yana kiran motoci, sai ka rantse wuta aka jona masa. Sunan ya biyo shi har gida. Yayarsa da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, wadda duk gidan muke kira Yaya, in ta so tsokana haka take ce masa, shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne da a gida ba ya iya raba faɗan yara biyu, amma in ya hau dakalin nan ya ɗaga tafinsa, tirela mai taya goma sha takwas sai ta durƙusa masa.

Ciwon ya fara da ɗan tsami a kafaɗar dama, irin wanda namiji yake ɓoyewa har sai ya fi ƙarfinsa. Ni ce na ƙarasa shi. Ranar da na sayi sabon keken ɗinki na ce ya ɗora min kan tsohon a saman kabad, shi kuma don kada a ce ya tsufa ya ɗaga shi sama da kansa shi kaɗai. Keken ya hau kabad lafiya. Hannun ne ya sauko ba lafiya ba. Daga ranar ya daina kwanciya ta ɓangaren dama, ya daina kai hannu aljihun baya, taje kai ma sai da hagu.

Mai kantin magani ya ba shi ƙwayoyin rage zafi, ya ce ya hutar da hannun kwana uku. A wurin aiki kuma aka ba shi hutun jinya. To, a nan ne ni da laifin da nake ji a zuciyata muka zauna a kan keke. Na ɗinka masa maratayin hannu wanda ko a asibitin masu kuɗi ba za a samu irinsa ba. Na sa masa soso a ciki, na yi wa wurin wuya laushi, na yi masa aljihun waya da ɗan madaukin tabarau. Da na ga ya yi kyau sai na ƙara biyu, don ya riƙa canzawa daidai da launin rigarsa. Mu uku muka ɗauki jinyar da gaske, ni da Yaya da Autarmu da ke karatu a jami'a. Ni nake sa masa maɓalli, Yaya tana juya masa shayi, Auta tana danna masa rimot. In ya miƙa hannun dama zai ɗauki cokali, mu uku muke tashi tare. Kwana ukun mai kantin magani sai da suka zama sati bakwai.

Ranar da hutu ya ƙare ya cire maratayi, zafin ya ragu sosai, amma hannun ya ƙi wuce ƙirji. Ya ce gajiya ce, zai ware a hanya. Ba da hannu kuwa aikin hannu biyu ne, ɗaya yana tsayar da wani layi, ɗaya yana kiran wani. Da ya ɗaga na daman don ya tsayar da motar burodi, hannun ya tsaya rabi, tafin a karkace. Direban, wanda sati bakwai bai gan shi ba, ya ɗauka gaisuwa ce. Ya ɗaga masa hannu shi ma, ya danno kai yana dariya, a daidai lokacin da na hagun ya kira tankar ruwa. Allah ya kiyaye, madubin motar burodi kaɗai ya tafi. Sai dai labarin ya riga Fanka isa ofis.

Shugabansu mutum ne mara yawan magana. Ya ce ba zai kori mutumin da ya yi shekara ashirin da huɗu babu tabo ba, amma kuma ba zai bar titi huɗu a hannun da ba ya tashi ba. Ya mayar da shi filin da ake ajiye motocin da aka kama, ya zauna a benci da tarin makullai. Ya ba shi wata uku, ya sa rana. A ranar zai zo da kansa da safe lokacin cunkoso ya gani. In hannun ya tashi, Fanka ya koma dakalinsa. In bai tashi ba, a ba wani dakalin, shi kuma ya ƙarasa shekarun aikinsa a benci.

Ban san abin da dakalin nan yake a wurinsa ba sai da aka sauke shi. Mutumin da kullum yake dawowa da labarin direbobi har sai an ce ya isa haka, ya koma shigowa da sallama kawai, ya zauna yana kallon talabijin a kashe. Usur ɗinsa na tsinta a cikin kwalin zarena, ya tura shi can ƙasa don kada ya riƙa ganinsa. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na san kabad ɗina ne ya jawo.

A asibiti aka ɗauki hoton kafaɗar, babu karaya. Aka gwada jininsa, babu ciwon suga, wanda likita ya ce yana daga cikin abubuwan da ke sa kafaɗa ƙagewa. Sai aka tura mu sashen fisiyo, masu gashi da motsa gaɓoɓi. Wani dogon ɗaki ne mai gadaje huɗu da labule tsakaninsu, igiyoyi suna rataye, ga manyan ƙwallayen roba a lungu, ga wani tsoho yana tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina. Likitar da ta karɓe mu 'yar gajeriya ce, ba ta fi Auta da yawa ba. Na raina ta a zuciyata har zuwa lokacin da ta kama hannun Fanka na ga ya miƙe zaune kamar ɗan makaranta.

Ta juya masa wuya dama da hagu, ta ce wani ciwon kafaɗar daga wuya yake saukowa, amma nasa ba haka ba ne. Ta ɗauko kafaɗar roba daga kan tebur ta nuna mana yadda kan ƙashin hannu yake zaune a wani ɗan gurbi mara zurfi, tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne suke riƙe da shi. Shekara ashirin da huɗu na juya hannu sama da kai sun gajiyar da jijiyoyin, kwanciya a kansu kullum ta ƙara, keken ɗinki ya zo ya sa suka kumbura. Wannan, in ji ta, da hutun 'yan kwanaki da motsi a hankali da ya lafa. Sai ta tambaya me aka yi wa hannun bayan nan.

Ni kuwa da alfaharina na zaro maratayi daga jaka, mai ruwan toka, wanda ya fi kyau. Ta juya shi, ta duba ɗinkin ciki, ta yaba aljihun wayar. Ta tambaya kwana nawa ya yi da shi. Da na ce sati bakwai, sai ta buɗe durowarta ta saka shi ta rufe.

"Mama, ciwon dai aiki ne ya kawo shi," in ji ta. "Ƙagewar kuwa ku kuka ɗinka masa."

Ta bayyana cewa akwai wata jaka mai laushi da ta lulluɓe gaɓar, in an daɗe ba a motsa ba sai ta tsuke ta manne, kamar rigar da aka wanke aka ninke da danshinta. Yaya, wadda ta rako mu don ta ga ko za a yi wa ƙaninta allura, ta ce ita dama tun farko ta ce a bar shi ya riƙa juya shayinsa. 

Aka fara aiki, sau biyu a sati. Likita ta gasa kafaɗar da ɗumi, sannan ta kama hannun ta riƙa turawa da jawowa a hankali har zuwa inda ya tsaya, ta ɗan wuce wurin kaɗan. Kullum kalmarta ɗaya ce, "Baba, ƙara kaɗan," har Fanka ya sa mata suna Ƙara-Kaɗan, yana cewa ko a lahira ya ji muryar nan zai gudu. Tana da wani ma'auni na roba mai baki biyu da take ɗorawa a kafaɗar. Ranar farko ya nuna digiri tamanin da biyar. Ta ce don direba ya ga tafinsa sama da kai daga nesa, sai ya kai wajen ɗari da arba'in, kuma ba ta yi alkawari ba, don kafaɗa ba ta san kalanda ba.

Aikin gida ya fi na asibiti yawa. Ya sunkuya ya saki hannun yana lilo. Ya kwanta ya ɗaga sandar labule da hannu biyu, mai lafiya yana jan mara lafiya. Ya ja igiyar da muka rataya a saman ƙofa. Sannan babban cikinsu, hawan bango: ya fuskanci bangon falo, yatsunsa su riƙa tafiya sama har inda suka gaza, a yi alama a wurin, gobe ya yi ƙoƙarin wuce ta. Alamar ni na karɓi aikinta, tunda ni ce mai alli. Kowace safiya na ja sabon layi da shuɗin allina na ɗinki, na goge na jiya, saboda Yaya ba ta son bango da datti.

Wata guda abin yana tafiya. Ma'auni ya kai ɗari da biyar. Daga nan likita ta tafi wani horo na sati biyu, ta bar mana aikin gida, a daidai lokacin kuma hannun ya tsaya cak. Kwana huɗu yatsunsa suna zuwa kan layi su tsaya, ya yi nishi, ya yi gumi, ko ƙwayar shinkafa ba ya ƙarawa. A rana ta huɗu ya jingina goshinsa da bango ya daɗe a haka. Bai ci abincin rana ba.

Washegari yana banɗaki, ina tsaye a falo da alli a hannu. Wallahi ban yi wani dogon tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na goge layin da gefen mayafina, na ja shi ƙasa da faɗin yatsa ɗaya. Ya fito, ya fuskanci bango, ya hau, ya wuce. Ya juyo yana kallona da fuskar da na yi wata biyu ban gani ba. Ranar ya ci abinci har da ƙari. Na ce a raina, to ina laifin?

Matsalar ita ce sabon layin da na ja masa yana daidai inda na jiya yake kafin na taɓa shi. Don haka gobe ma sai na sake saukewa. Jibi ma haka. Abin mamaki kuma, ni yatsa ɗaya nake saukewa, shi kuwa sai ya wuce da yatsa uku, wani lokaci huɗu. Na ce ikon Allah, ashe ƙarfafa gwiwa ma magani ne. Har na fara jin cewa da ni aka tura horon nan da an fi amfana.

Gidan ya rikice da murna. Fanka ya koma waƙa a banɗaki. Ya ciro usur daga kwalin zare yana hura wa Yaya in ta tsaya a bakin ƙofar kicin, yana ba ta hannu ta wuce. Ya kira mai askin da ke ƙasan benenmu ya zo ya ga hawan bango, mai aski ya tafa masa, ya ce shi ma zai kawo surukinsa. Da yake yanzu yana wuce layi ba tare da wahala ba, sai ya daina matsawa. Yana wucewa da yatsa uku sai ya sauke hannu ya ce na yau ya isa, kada a yi wa Allah butulci. Igiyar ƙofa ya ce ta masu farawa ce. Sandar labule na mayar da ita taga.

Kullum yana tara lissafi a kansa. A rana ta tara da fara sauke layin muna shan shayi ya sanar da mu cewa ya ƙara yatsa talatin da ɗaya. Auta ta ɗaga kai ta kalli silin, ta ce in haka ne ai yanzu hannunsa yana ɗakin maƙwabtanmu na sama. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce 'yan jami'a ba su san komai ba sai gardama. Ita kuwa sai ta ƙware da shayi, ta tashi ta shige ɗaki. Yaya ta tsura wa kofinta ido. Ni ma ban ga dalilin tsawaita zancen ba.

Ranar da likita ta dawo, mu huɗu muka tafi, don Fanka ya ce kowa ya zo ya ga yadda Ƙara-Kaɗan za ta rasa abin cewa. Ya shiga yana gaishe da marasa lafiya gado-gado, ya ce wa tsohon mai keke ya daure, shi ma da haka ya fara. Ya zauna, ya ɗaga hannu. Likita ta ɗora ma'auni. Ta cire, ta sake ɗorawa. Ɗari cif. Ya ragu da biyar.

Ya ce ma'aunin ne ya lalace, a je a duba bangon gidansa. Ta tambaya wa yake yin alamar, na ce ni. Ta tambaya da me, na ce da alli. Ta kalle ni, irin kallon da nake yi wa mace in ta ce min wannan yadin bai taɓa shiga ruwa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce yatsa ɗaya kawai nake sauke layin, kullum in yana wanka.

Yaya ta yi gyaran murya. Ta ce ita ma tana ɗan gyara layin in ta zo share falo da sassafe, amma nata bai kai yatsa ba, sai dai yatsunta masu kauri ne. Auta ta rufe fuska da jakarta ta ce ita da yamma take yi, da allin da ta sata a kwalina. Kowaccenmu tana tsammanin ita kaɗai ce mai tausayi a gidan. Matar da ke gadon kusa da mu, wadda aka ɗaura wa nauyi a ƙafa, ta fashe da dariya a bayan labule har sai da aka je aka duba ta. Likita ma ta juya baya tana gyara abin da bai lalace ba. Ni kaina dariyar ta taso min, sai na kalli mijina.

Bai yi dariya ba. Yana zaune a bakin gado da singileti, hannun a kan cinyarsa, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku uku," in ji shi a hankali. "Babu ko ɗaya a cikinku da ta yarda zan iya."

Na sha jin magana a rayuwata, daga masu kaya da dangin miji, amma ban taɓa jin wadda ta shige ni kamar wannan ba. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, domin gaskiya ya faɗa. Na ɗauka so ne yake sa ni sauke layin nan. Ashe a ƙasan son, na riga na sa shi a benci.

Likita ta ce saura sati biyar, kuma tsayawar da hannun ya yi ba abin tsoro ba ne, kusan kowa yana yin ta, da an daure da ta wuce. Ta ce daga yau babu alli. Ya auna kansa da abin da ba ya gogewa. Sannan ta juyo gare mu ta ce in muna son taimako, to mu daina miƙa masa komai, abin da yake amfani da shi kullum a ɗaga shi sama kaɗan da inda hannunsa yake kaiwa.

Ta ce kaɗan. Mu kuwa mutane ne da ba mu san kaɗan ba. Kafin yamma gidan ya koma sama. Kofin shayinsa ya hau kan firij. Rimot ya koma saman kabad, kusa da tsohon keken da ya jawo komai. Auta ta buga ƙusa ta rataye buroshin haƙorinsa da zare. Sabulu, tabarau, hula, rediyo, duk sai da ɗaga kai. Wadda abin ya fi shafa ita ce Yaya, da tsawonta bai wuce kafaɗata ba. Ta wayi gari ba ta iya kaiwa ga sukari, ta riƙa yawo da kujera a cikin gida tana cewa ita ba ta da ciwon kafaɗa amma an kusa sa mata. Da muka faɗa wa likita ta riƙe kai, ta sa muka sauko da rabin kayan, ta ce mai ciwo aka ce ya miƙa hannu, ba ya hau tsani ba.

Fanka ya zaɓi ma'auninsa da kansa, katakon saman ƙofar ɗakinmu. Kwana uku bai yi min magana ba sai ta dole. Ya dawo da igiya, ya ciro sandar labule ya bar tagar tsirara. Likita ta ƙara masa wata doguwar roba da yake ja don tsokokin su yi ƙarfi. Aikina mafi wuya a duniya shi ne na zauna a kan keke ina jin nishinsa a bayana ban juya ba. Wata safiya ya yi minti goma yana kokawa da hannun riga. Na zauna a kan tafukana, a zahiri, har suka yi sanyi. Da ya gama ya kalle ni ya ce, "Tela, tashi kada ki ƙage ke ma." Daga nan muka shirya.

In ya tambaye ni saura nawa ya taɓa katako, sai na ɗauko tef na faɗa masa abin da tef ya ce. Inci tara. Inci bakwai da rabi. Wata rana ya koma takwas, na faɗa masa takwas, bakina yana ɗaci. Ana saura kwana biyu ranar shugaba, ma'aunin likita ya nuna ɗari da talatin da takwas. Katakon kuwa bai taɓa shi ba, saura inci biyu. Likita ta ce juyin fanka dai ya manta da shi a bana, ya kira motoci daga gwiwar hannu, ya ajiye ɗagawar don tsayarwa, kuma ko ya ci gwajin ko bai ci ba tana jiransa ranar Talata.

Ya hana mu zuwa. Yaya da Auta suka bi umarni. Ni na bar shi ya fita, na ba shi minti goma, na bi bayansa. Na tsaya a gefen titi kusa da mai sayar da jarida, inda laima ta rufe ni.

Ƙarfe bakwai da rabi ya hau dakali. Direbobin da suka gane shi suka fara danna oda, wani ya leƙo yana kiran sunansa. Bai kula su ba. Ya gyara safar hannu, ya hura usur, ya saki layin kasuwa. Ina ta neman shugaban a gefen titi ban gan shi ba. Can sai ga farar motar ofis a layin da ke fuskantarsa, ta biyo cunkoso kamar kowa. Lokacin tsayar da layin ya yi daidai da isowarta gaba. Direban, da yake ya ɗauko babba, bai rage gudu ba, ya ci gaba da turo hanci yana jiran a ba shi hanya.

Fanka ya juyo ya fuskance ta. Hannun dama ya tashi, ya wuce ƙirji, ya wuce kafaɗa, ya ɗan tsaya a wajen kunne, inda nake jin nishinsa kullum, sannan ya ƙarasa. Farin tafi a buɗe sama da hularsa. Motar ta ci burki har ta yi tsalle. Ya bar hannun a sama, ya kira layin hagu, motoci suka yi ta wucewa, manya da ƙanana, har da mai tura kura, shugaba yana zaune yana jira. Daga inda nake ina ganin yatsun suna rawa. Babu wanda zai lura sai wanda ya san hannun.

Da ya sake su, farar motar ta matso ta tsaya daidai dakali. Gilashin baya ya sauka. Ban ji abin da aka ce ba, sai daga baya ya faɗa min: gobe ƙarfe bakwai, kuma ya mayar da makullan filin ofis. Abin da na gani kawai shi ne Fanka ya ƙame, sannan ya yi wa motar alama ta wuce, tana tare masa hanya.

Sai na ji oda a gabana. Tasi ce ta tsaya, direban yana leƙowa yana tambaya ina zuwa. Na duba, ashe hannuna na dama yana sama, miƙe, ban san tun yaushe ba. Mai jarida yana kallona. Kunya ta hana ni bayani, na buɗe ƙofa na shiga baya, ina dariya hawaye suna zuba, har direban ya tambaya ko lafiya. Muka shiga layi. Muna isa gaba, mijina ya juyo ya ɗaga mana hannu, muka tsaya.

Direban ya ce wannan mutumin ya dawo ke nan, yau sai haƙuri. Ya sake tambayata ina za a kai ni.

"In ya sake mu," na ce, "ka zaga ka dawo ta nan."